Ta yaya ake auna ko titunan sababbin unguwannin gefen birni suna ɓullewa juna?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu tsara birane, da safiyoyi, da injiniyoyin hanya da ke wannan zaure.

Duk wanda ya kalli hoton birni mai faɗaɗa daga sama zai ga sababbin unguwannin gefe ba su yi kama da na ciki ba. Dogayen layuka babu titin da ya ratsa su, rukunin gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya tak, lunguna da suke ƙarewa a jikin bangon wani. To amma a gaban kwamiti ba a cewa "ido ya gani", sai da lissafi. Wane ma'auni ne ake amfani da shi a nuna cewa haɗuwar tituna tana raguwa daga zamani zuwa zamani? Kayan aikin da ke hannu su ne taswirar OpenStreetMap, da manhajar aikin taswira ta QGIS, da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam.

Akwai kuma masu cewa tunda yawan jama'a a kowace murabba'in kilomita bai ragu sosai a sababbin unguwannin ba, to babu wata bazuwar birni da za a yi kuka da ita. Shin haka ne? Allah ya saka da alheri.

Malama_Taswira

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayar ƙarshe. A'a, ba haka ba ne. Cunkoson jama'a abu ɗaya ne, tsarin tituna wani abu ne daban. Unguwa tana iya cika maƙil da mutane amma kowa sai ya zagaya kilomita guda kafin ya kai ga abin da ke bayan gidansa. Kuma yawan jama'a yana canzawa, a rushe gida a ɗora bene, amma inda aka ja titi da inda aka ƙi ja, da wuya su canza.

Ga yadda ake lissafin. Ka mayar da taswirar zuwa abu biyu: gaɓa da zango. Gaɓa ita ce duk inda tituna uku ko fiye suka haɗu, da kuma ƙarshen duk titin da bai ɓulle ba. Zango shi ne guntun titi tsakanin gaɓa da gaɓa. Kwana ba gaɓa ba ce, ko da ta kai kusurwa 90.

Ma'auni na farko, raba yawan zango da yawan gaɓa. Tsarin da yake kamar raga, kowace mahaɗa mai baki huɗu, yana kusantar 2.0. Tsarin da yake kamar bishiya, reshe na fita daga reshe ba ya komowa, ba ya taɓa kaiwa 1.0, domin kullum zangonsa yana ƙasa da gaɓarsa da ɗaya. Yawancin unguwanni suna tsakanin nan, kuma 1.4 ne adadin da dokoki da dama suka ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Idan ka ninka wannan adadi sau biyu, ka sami matsakaicin yawan bakunan kowace gaɓa, wanda wasu masu bincike suka fi amfani da shi. Abu ɗaya ne. Amma ka kula da girman yankin da kake aunawa. Cikakkiyar raga mai gaɓa 5 a tsaye 5 a kwance tana da zango 40 da gaɓa 25 idan an ƙirga har da kusurwoyinta huɗu, wato 1.6. Irinta mai 10 da 10 tana da zango 180 da gaɓa 100, wato 1.8. Tsari ɗaya, amsa biyu, saboda kawai iyakar da ka shata ta datse titunan gefe. Maganinsa, ka ɗauko taswirar da ta zarce yankinka da kamar mita 500, ka ƙirga bakunan kowace gaɓa a kan babbar taswirar, sannan ka yanke.

Na biyu, yawan mahaɗa a murabba'in kilomita, ban da ƙarshen lunguna. Don ka sami abin kwatance: idan tazarar titi da titi mita 100 ce ta kowane ɓangare, za ka sami mahaɗa 100 da tituna masu tsawon kilomita 20. Unguwar Eixample ta Barcelona, wadda Ildefons Cerdà ya zana a 1859, tana da dunƙulen gidaje, wato gidajen da tituna huɗu suka kewaye, mai mita 113 da titi mai faɗin mita 20, wanda ya ba da mahaɗa wajen 56. Tsakiyar Portland a Amurka, mai dunƙule mita 61, tana kusan 160. Inda tazarar ta kai mita 500 kuwa, mahaɗa 4 ne kacal. Wajen rabawa, ka cire tafki, da filin jirgi, da gonakin da ba a gina ba, in ba haka ba gefen birni zai fito da muni fiye da gaskiyarsa.

Na uku shi ne wanda kwamiti zai fi ganewa: zagaye. Ka zaɓi wurare kamar makaranta ko tashar bas, ka zana da'ira mai nisan mita 400, tafiyar minti biyar ke nan. Faɗinta hekta 50. Sai ka sa QGIS ta nuna iya inda mutum zai kai idan ya bi titi na mita 400. A kan raga mai kyau yana rufe wajen hekta 32, kashi 64 cikin 100 na da'irar. Inda ka ga kashi 30 ko 20, ba sai ka yi dogon bayani ba, taswirar ta isa.

Yanzu abubuwan da ke ɓata lissafi. Titi mai hannu biyu ana zana shi a OpenStreetMap da layi biyu, don haka inda irinsa biyu suka gitta juna kwamfuta za ta ƙirga mahaɗa huɗu a maimakon ɗaya. Shataletale ɗaya yana iya fitowa da gaɓa takwas. Wannan yana sa yankin manyan tituna, wanda shi ne mafi wahalar ratsawa da ƙafa, ya fito kamar ya fi ko'ina haɗuwa. Sai ka dunƙule duk gaɓoɓin da ke kusa da juna da mita 20 zuwa 30 su zama ɗaya. Manhajar OSMnx ta Geoff Boeing tana yin wannan, amma sai ka fara juya taswirar zuwa tsarin UTM mai auna mita. Gada da ta bi ta saman titi ba mahaɗa ba ce, ka tabbata ba a haɗa su ba. Sannan a unguwannin awon igiya, hanyoyin ƙafa da yawa ba su kan taswira, sai wurin ya fito kamar a toshe alhali mutane na ratsawa. A rukunin gidaje masu ƙofa kuma akasin haka ne: titi yana kan taswira a haɗe, amma a ƙasa akwai mai gadi. Ka zaɓi murabba'i goma ko ashirin barkatai ka gwada taswira da hoto kafin ka yarda da kowane adadi.

Batun zamani. Taswirar ba ta faɗin shekarar da aka ja titi, sai ka aro daga gine-gine. Bayanan GHSL na Tarayyar Turai suna nuna inda aka gina zuwa 1975, da 1990, da 2000, da bayan haka. Ka ɗora gaɓoɓinka a kai, kowace ta ɗauki zamanin ginin da ke kewaye da ita. Muhimmin abu: ka ba da adadin kowane zamani shi kaɗai. Idan ka auna birnin gaba ɗaya a kowace shekara, tsohon gari zai rinjayi matsakaicin ya ɓoye lalacewar. Zoben ƙarshe na waje kuma ka yi hattara da shi, domin wasu titunan da suka tsaya a can ba toshewa suka yi ba, ba a kai ga ci gaba da su ba ne.

Dattijon_Tsari

Malama ta gama da lissafi, babu abin da zan ƙara sai in ce hanyar da ta bayyana kusan ita ce Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball suka bi a binciken da suka buga a 2020, wanda ya auna titunan duniya baki ɗaya. Sun gano cewa a kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 134 mafi yawan jama'a, titunan sababbin unguwanni sun ragu da haɗuwa tun daga 1975, kuma kashi 29 ne kawai suka nuna alamar gyaruwa bayan 2000. Nau'in tsarin da ke da yawan zagaye, irin na rukunin gidaje masu ƙofa, ya kusan ninkawa. Kudu maso gabashin Asiya na cikin inda abin ya fi tsanani, Bangkok kuwa da dogayen lungunanta da ke fita daga babban titi su tsaya ta zama misalin da ake yawan kawowa. Abin da ya fi damuna a sakamakon shi ne birnin da ya fara da raunin haɗuwa yakan ci gaba a haka. Sabuwar unguwa ba ta da inda za ta jona idan wadda ta riga ta ta juya mata baya.

A Amurka, waɗannan masu binciken sun nuna a 2015 cewa abin ya kai ƙololuwa a wajen 1994, sannan ya fara sauka. To can dai an san asalinsa. Radburn ta jihar New Jersey, wadda Clarence Stein da Henry Wright suka tsara a 1929, ta sa gidaje a kan gajerun lunguna don a raba yara da mota, amma ta haɗa bayan gidajen da hanyoyin ƙafa masu ɓullewa. Waɗanda suka kwaikwaya sun ɗauki lungun sun bar hanyar ƙafar. Hukumar lamunin gidaje ta tarayya da aka kafa a 1934 ta riƙa fifita lunguna da lanƙwasassun tituna a kan raga, kuma mai gini da ke neman lamuni ba ya jayayya da mai ba da lamuni. Daga baya littattafan injiniyoyi suka mayar da shi ƙa'ida: ƙaramin titi ya zuba a matsakaici, matsakaici ya zuba a babba.

Amma ɗana, kada ka ɗauka ko'ina wannan tarihin ne sanadi. A biranen da ke girma da sauri yanzu, dalilin ya fi sauƙi kuma ya fi wuyar magani: kowane mai fili yana yanka nasa shi kaɗai. Ga lissafinsa. A ce fuloti mita 15 ne a gaba, 30 a zurfi, biyu baya da baya, titi mita 12. Idan ya bar titin ratse bayan kowane fuloti 10, wato mita 150, ya ba da kashi 7.4 cikin 100 na tsawon layin. Idan ya bari sai bayan fuloti 20, kashi 3.8 ne. Ribarsa ba ta kai kashi 4 ba, kuma sau ɗaya zai ci ta. Wanda ke tsakiyar layi kuwa, zuwa ƙofar maƙwabcin da suka haɗa bangon baya ya tashi daga kusan mita 220 zuwa 370, kuma shi da duk wanda zai gaji gidan za su yi ta biyan wannan zagayen. Titin da ya kai iyakar filinsa ma ba ya kawo masa ko sisi, maƙwabcin fili yake amfana, don haka sai ya sa fuloti a wurin.

Inda gwamnati ce ke yanka manyan filaye ta miƙa wa kamfanoni, sakamakon yakan zo ɗaya ta wata hanya. Ƙasar Sin ta gina dunƙule masu mita 400 zuwa 500 da katanga, har a 2016 gwamnatin tsakiya ta ba da umarnin a daina gina rukunin gidaje rufaffu, ta kuma sa burin kilomita 8 na titi a kowace murabba'in kilomita. Wannan tazarar mita 250 ke nan, kuma har yanzu bai kai rabin kilomita 18 da hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara ba.

Injiniyan_Titi

Ranka ya daɗe Dattijo, na yarda da tarihin, amma kada Malam ya tafi da tunanin cewa masu son lungu ba su da hujja. Suna da ita, kuma idan bai shirya mata ba za a kayar da shi a zaman farko.

Mahaɗa mai baki huɗu tana da wurare 32 da hanyar mota ke iya cin karo da ta wata. Mai baki uku tana da 9. Shataletale mai layi ɗaya 8. Don haka raga mai dogayen miƙaƙƙun tituna, masu faɗi, babu abin rage gudu, tana kashe mutane. Kuma da zarar babban titi ya cushe, direbobi za su kwararo cikin unguwa. Batun tsaro ma ba ƙirƙira ba ce: binciken Johnson da Bowers a Merseyside ta Ingila a 2010 ya sami ƙarancin fasa gidaje a lungunan da ba su ɓulle ba idan aka kwatanta da titunan da ake ratsawa. Wanda ya ce wa mazauna unguwa tsoronsu banza ne, ya rasa su.

Ga ɗaya gefen. Masu bincike Marshall da Garrick sun duba birane 24 na California suka ga waɗanda suka fi yawan mahaɗa sun fi ƙarancin mace-macen hanya. Dalilin a fili yake: gajeren zango ba ya ba mota damar ɗaukar gudu, kuma tsarin bishiya yana tura kowa da kowa, har da yaro mai zuwa makaranta, kan babban titi inda gudu yake. Lungun da kake ciki lafiya lau ne, hatsarin yana jiran ka a bakinsa. Ewing da Cervero kuma a 2010 sun tattara bincike masu yawa suka ga yawan mahaɗa na cikin abubuwan da suka fi alaƙa da ko mutane za su yi tafiya da ƙafa.

Cunkoso ma lissafi ne. Layi ɗaya a fitilar hanya yana sakin mota kusan 1,800 a awa idan kore ne ba yankewa. Idan ƙofar rukunin gidaje tana samun daƙiƙa 20 a cikin kowace 100, mota 360 ke nan a awa. Gida 1,000 a bayan ƙofa ɗaya, ko rabinsu ne suka fito da mota a awar safe, layi ya taru. Ka ƙara musu lokacin kore, ka rage wa babban titi. Ka faɗaɗa babban titi, ka ƙara wahalar tsallakawa. Da ƙofa huɗu ne a ɓangarori daban-daban, babu wadda za ta buƙaci fitila ma. Kuma tafiyar da ba ta wuce mita 600 ba, daga wannan rukuni zuwa na kusa, ba ta da dalilin hawa babban titi tun farko.

Sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Bututun ruwa yana bin titi. A titin da bai ɓulle ba, bututun ma ya tsaya, ruwa ya daɗe a ƙarshensa, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ya ƙare, laka ta taru, sai an riƙa buɗewa ana zubarwa. Idan ya fashe a baki, duk na ciki sun rasa ruwa, alhali a zobe ana rufe bawul biyu ruwa ya zagayo ta ɗaya gefen. Magudanar ruwan sama ta fi muni: lungun da ya gangara ya ƙare a bango, ruwan ba shi da mafita sai cikin gidaje. Motar shara da ta kashe gobara suna buƙatar wurin juyawa. Dokar gobara da yawancin jihohin Amurka ke bi tana neman wurin juyawa ga duk hanyar da ta wuce mita 46 ba ta ɓulle ba, da hanyar shiga biyu ga rukunin da ya haura gida 30.

Matsayata ita ce a ja titin ya ɓulle, sannan a sarrafa mota a kansa. Garin Houten na Holan ya yi haka: mai keke da mai ƙafa suna ratsawa kai tsaye, mai mota sai ya fita titin zobe kafin ya shiga wata unguwa. Barcelona ta fara irin wannan a unguwar Poblenou a 2016 ta hana mota ratsa tsakiyar dunƙule tara, kuma ta iya ne saboda ragar tana nan. Turaku biyu na ƙarfe sun isa su hana mota bin titi, ana kuma iya cire su gobe. Gidan da aka gina a kan hanya sai da rusau da diyya.

Mai_Neman_Sani

Na gode ƙwarai, Malama, Dattijo, Injiniya. Na fahimci awon. To idan adadin ya nuna ana lalacewa, me ya kamata a rubuta a ƙa'idar amincewa da zanen fulotai? A sa 1.4 kawai a ce duk wanda bai kai ba a mayar masa da zanensa?

Safiyo

Malam, kada ka dogara da 1.4 shi kaɗai. Mai zane mai wayo zai cika tsakiyar filinsa da ƙananan zobba ya kai 1.5, ya kewaye da katanga, ya bar ƙofa ɗaya. A takarda ya ci, a ƙasa babu abin da ya canza. Jihar Virginia ta gwada a 2009, ta ce ba za ta karɓi kula da titunan sabon rukuni ba sai ya kai 1.4 ko 1.6 gwargwadon yankin, amma bayan 'yan shekaru aka sassauta aka cire lissafin. Ƙa'idar da ake aunawa da tef ta fi daɗewa, don kowa na iya dubawa.

Abin da zan sa shi ne iyakar tsawon layi ba tare da titin ratse ba, mita 150 zuwa 180. Yankin Portland yana amfani da kusan mita 160 tsakanin titi da titi, da mita 100 ga hanyar ƙafa inda titi ba zai yiwu ba. Lungu marar ɓullewa a yarda da shi kawai inda kogi, ko layin dogo, ko dutse ya tare, kada ya wuce mita 60, kuma ƙarshensa ya fita da hanyar ƙafa. Inda tituna biyu suka shigo babban titi daga gefe da gefe, ko dai su fuskanci juna daidai, ko a raba su da aƙalla mita 40. Kaucewar mita 10 ita ce mafi haɗari, domin direba yana yanka ta a karkace.

Amma ainihin wurin da ake cin nasara ko a faɗi shi ne iyakar fili. Dole kowane zane ya kai titi har jikin iyakarsa ta kowane ɓangare da ke da filin da ba a gina ba, a tazarar da aka ƙayyade, kuma dole mai zane na gaba ya karɓa daga nan. Abubuwa huɗu ne ke lalata wannan. Mai fili ya tsayar da titin saura mita ɗaya ya riƙe ɗan tsirin a hannunsa, don ya sayar da tsada ko ya hana jonawa. Ko a bar bakin titin a takarda kawai ba a share ba, sai wani ya mayar da shi fuloti a sayar. Ko mazauna su saba da shiru na shekara goma, ranar da za a buɗe su tashi tsaye. Ko zane biyu su zo ofis a watanni daban-daban, kowanne a kan nasa awon, bakunan su kauce wa juna da mita 20. Maganin duka: a mallaka wa hukuma filin titin har iyaka ranar da aka sa hannu, ba ranar da aka gama gini ba, a share shi a zuba tsakuwa ko da ba za a sa kwalta ba, a kafa allo da ke cewa wannan titi zai ci gaba, a kuma ɗora kowane zane da aka amince da shi kan taswira ɗaya mai tsarin awo ɗaya kafin a duba na gaba.

Sama da wannan akwai manyan tituna, waɗanda babu mai fili ɗaya da zai bayar. Shawarar masanin tsara birane Shlomo Angel ita ce a shata ragar manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tazarar kilomita 1, a duk yankin da ake sa ran birni zai kai cikin shekara 30. Ƙasar da wannan ke ci ba ta kai kashi 6 cikin 100 ba, kuma babu gidan da zai yi nisa da hanyar bas fiye da mita 500 a miƙe. An yi aiki da wannan a biranen Habasha irin su Hawassa da Mekele, da Valledupar a Kolombiya. Manhattan ma a 1811 haka aka yi, aka shata tituna a kan gonaki da duwatsu, safiyo John Randel ya bi yana kafa alamun dutse da ƙarfe shekaru da yawa kafin gini ya iso. Layi a taswira ba ya tsare fili. Sai an kafa siminti a kusurwoyi, an dasa itatuwa a gefe biyu, an bar manomi ya ci gaba da noma tsakiyar amma ba gini.

Inda filayen ƙanana ne masu mamallaka da yawa, akwai hanyar haɗa su wuri ɗaya, a cire kason titi daga kowa daidai gwargwado, a mayar wa kowa ƙaramin fuloti mai fuskantar titi wanda darajarsa ta fi ta da. Jamus ta yi doka a kai a Frankfurt tun 1902, Japan ta sake gina Tokyo da ita bayan girgizar ƙasar 1923, Ahmedabad ta Indiya ta sami filin titin zobenta mai kilomita 76 ta wannan hanya. Tana buƙatar rajistar filaye da mutane suka yarda da ita. Inda babu wannan, rigimar iyaka za ta cinye shekarun.

Unguwar da ta riga ta ginu kuwa, kada a fara da maganar buɗe titin mota. A nemo wuraren da lungu biyu suka kusan haɗuwa fuloti ɗaya ya raba su, a saya, a buɗe hanyar ƙafa mai faɗin mita 3 zuwa 4, miƙaƙƙiya yadda mai shiga zai hango mafita, da fitila, da magudana a ƙarƙashi.

Malama_Taswira

Ƙari kan maganar Safiyo ta ƙarshe, Malam: ba sai an yi hasashen wane fuloti za a saya ba. A QGIS ka zana zangon gwaji a kowane wurin da ake tunani, ka sake lissafin da'irar mita 400 ta makaranta ko tashar da ke kusa, ka ƙirga gida nawa suka shigo ciki. Ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, ka raba da kuɗin diyyar kowanne. Sau da yawa biyu ko uku ne ke kawo mafi yawan amfanin.

Saboda maganar Injiniya kuma, ka yi duk awon sau biyu, ɗaya a kan hanyoyin mota, ɗaya a kan hanyoyin ƙafa, ka nuna su gefe da gefe. Wuri irin Houten zai faɗi a na farko ya yi fice a na biyu, kuma ba matsala ba ce. Wanda ya faɗi a duka biyun shi ne abin kai wa kwamiti. Inda ake rufe ƙofofin layi da dare, ka cire waɗannan zanguna ka yi awo na uku, ka rubuta sa'o'in rufewar a jikin taswirar, domin motar asibiti da ƙarfe biyun dare wannan taswirar take bi.